Ɗa'ar Aikin Likita: Gado Ce Ko Karatu?

Shekara shida ɗalibi yake yi a makarantar koyon aikin likita a Najeriya kafin a rantsar da shi, sannan ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki. A tsawon wannan lokaci yana haddace sunan kowane ƙashi da kowace jijiya, ya san aikin hanta da na ƙoda, ya san gwargwadon maganin da ke warkarwa da wanda ke kisa. Amma ranar da zai tsaya gaban magidanci da sakamakon gwaji a hannu, ya rasa ta inda zai fara gaya masa cewa ciwon ya fi ƙarfin magani, duk abin da ya haddace ba zai fitar da shi ba. Haka nan ranar da mace ta galabaita a ɗakin haihuwa, tiyata ta zama dole, 'yan uwa suka ce a jira maigidan ya dawo daga tafiya. Haka nan ranar da gado ɗaya ya rage a sashen kulawa ta musamman, mabuƙata kuma uku ne.

Da yawanmu za su ce wannan ba abin koyarwa ba ne, hali zanen dutse, wanda bai samu tarbiyya a gida ba jami'a ba za ta ba shi ita ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta isa ba. Mutumin kirki ma yana iya rasa abin yi idan haƙƙi biyu suka yi karo a gabansa. Saboda haka ne tun wajen shekara sittin da suka wuce jami'o'i suka fara buɗe sassa na musamman, da malamai da littattafai da digirori, don koyar da abu biyu masu tafiya tare. Na farko ɗa'ar aikin likita, wato sanin abin da ya halatta da wanda bai halatta ba tsakanin mai magani da mara lafiya. Na biyu ilimin sanin ɗan Adam, inda ake shigo da tarihi da adabi da falsafa da addini da al'adu cikin karatun likita. Ra'ayina shi ne wannan karatu wajibi ne, kuma ba zai yi amfani ba sai an yi shi a bakin gadon mara lafiya, da harshen da mara lafiyar yake ji.

Gwanaye ne suka yi ɓarnar

Abin da ya haifi wannan fanni ba kuskuren jahilai ba ne. A shari'ar da aka yi a birnin Nuremberg na Jamus tsakanin 1946 da 1947, mutum 23 aka gurfanar saboda gwaje-gwajen azaba da suka yi a kan fursunoni a zamanin Hitila, 20 daga cikinsu likitoci ne, wasu ma farfesoshi. An yanke wa bakwai hukuncin kisa. Daga wannan shari'a aka fitar da ƙa'idoji goma, ta farkonsu ita ce ba a gwaji a jikin mutum sai da yardarsa. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta faɗaɗa su a taronta na Helsinki.

Likitocin Amurka sun ɗauka wannan gargaɗi ne ga 'yan Nazi, bai shafe su ba. Sai a 1966 Henry Beecher, farfesan sa barcin tiyata a Jami'ar Harvard, ya wallafa maƙala inda ya jero bincike 22 da aka yi a manyan asibitocin ƙasar, waɗanda aka jefa marasa lafiya cikin haɗari ba tare da sun sani ba. Shekara shida bayan haka asirin Tuskegee ya tonu. Tun 1932 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka take bibiyar baƙaƙen fata 600 a jihar Alabama, 399 daga cikinsu masu ciwon tunjere, don kawai a ga yadda ciwon yake cin jiki idan ba a yi magani ba. An samu maganin fenisilin a shekarun 1940, aka hana su. Shekara 40 ana wannan aiki, ana buga sakamakonsa a mujallun likitoci, abokan aiki suna karantawa, sai da wani ma'aikaci mai suna Peter Buxtun ya kai maganar ga 'yan jarida a 1972. Sai a 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafarar waɗanda suka rage.

A gefe guda kuma, sababbin na'urori sun zo da tambayoyin da ba na laifi ba. Da aka fara wankin ƙoda na dindindin a birnin Seattle a farkon shekarun 1960, injinan ba su kai yawan masu buƙata ba. Aka naɗa kwamitin mutum bakwai, ciki har da fasto da lauya da ma'aikacin banki da matar aure, su zaɓi wanda za a ba. Suka riƙa duba yawan 'ya'yan mutum da sana'arsa da matsayinsa a gari. Da labarin ya fito a 1962, jama'a suka gane cewa tambayar wa za a ceta ba ta cikin littafin ƙoda.

Yadda maganar ta shiga aji

A 1967 aka buɗe sabuwar makarantar likitanci ta Jami'ar Jihar Pennsylvania a garin Hershey, shugabanta na farko George Harrell ya sa aka kafa sashen ilimin sanin ɗan Adam daidai da sauran sassa. Shi ne irinsa na farko a Amurka. A 1969 masanin falsafa Daniel Callahan da likitan ƙwaƙwalwa Willard Gaylin suka kafa Cibiyar Hastings a jihar New York. A 1971 likitan mata André Hellegers ya jagoranci buɗe Cibiyar Kennedy a Jami'ar Georgetown. A 1973 reshen likitanci na Jami'ar Texas da ke Galveston ya buɗe tasa cibiyar. A Ingila kuwa, majalisar da ke kula da likitoci ta fitar da sabon tsarin manhaja a 1993, wanda ya sa ɗa'a da shari'a cikin abin da kowane ɗalibi sai ya koya.

Abin lura shi ne waɗanda suka ɗauki wannan aiki ba likitoci ba ne zalla. Akwai malaman addini irin su Paul Ramsey, akwai masana falsafa da shari'a da tarihi. Akwai kuma likitoci irin su Edmund Pellegrino, wanda ya shafe rayuwarsa yana nanata cewa mara lafiya mutum ne mai rauni da ya miƙa amanarsa ba don yana so ba, don haka nauyin da ke kan likita ya wuce na mai sayar da haja.

Littafin da ya fi kowanne tasiri ya fito a 1979, na Tom Beauchamp, masanin falsafa, da James Childress, masanin addini. Sun tattara al'amarin a ginshiƙai huɗu: mutunta zaɓin mara lafiya, kauce wa cutar da shi, neman abin da zai amfane shi, da adalci wajen rabon abin da ake da shi. Yau da wuya a samu makarantar likitanci, daga Landan zuwa Zariya, da ba a ambaton waɗannan huɗun. Amfaninsu a fili yake, domin sun ba likitoci da nas-nas da lauyoyi kalmomin da za su yi muhawara da su a kan mara lafiya guda. Rauninsu kuma shi ne sun yi sauƙin haddacewa. Ɗalibi zai iya zayyano su a jarabawa ya ci maki, alhali ba su gaya masa wanne zai rinjaya idan biyu suka ci karo ba.

Akwai kuma batun inda aka haife su. A Amurka ginshiƙi na farko ya danne sauran, aka ɗauki mara lafiya a matsayin mutum ɗaya tilo mai yanke wa kansa hukunci. Ko a can ɗin ma wannan sabon abu ne. Wani bincike na 1961 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na likitocin da aka tambaya ba sa gaya wa mai ciwon daji abin da ke damunsa. Da aka maimaita tambayar a 1979, kashi 97 suka ce suna faɗa. Cikin shekara 18 al'adar ta juye gaba ɗaya. Wannan ya nuna ɗabi'ar likitoci tana sauyawa da koyarwa da matsin jama'a, ya kuma nuna abin da wata ƙasa ta tsaya a kai yau ba wahayi ba ne.

Koyon saurare

Ɗaya reshen, na adabi da al'adu, ya taso ne daga wata damuwa daban: likitoci sun daina jin abin da marasa lafiya suke faɗa. A 1984 wasu masu bincike biyu, Beckman da Frankel, suka naɗi ganawar likitoci da marasa lafiya, suka tarar a matsakaici daƙiƙa 18 kawai mara lafiya yake samu kafin likita ya katse shi. Arthur Kleinman na Harvard, likitan ƙwaƙwalwa kuma masanin al'adu wanda ya yi aiki a Taiwan da Sin, ya bambanta cutar da likita yake gani a gwaji da jinyar da mutum yake rayuwa da ita. Ya koya wa ɗalibai su tambayi mara lafiya me yake kiran ciwon nasa, me yake ganin ya jawo shi, me ya fi tsoro game da shi, wane magani yake sa rai. Likitan da ya yi wa uwar yaro mai farfaɗiya waɗannan tambayoyi zai san ko tana ganin iska ce, zai kuma san dalilin da zai sa ta daina ba da ƙwayar bayan mako biyu, ya yi maganin abin tun kafin ya faru.

A Jami'ar Columbia da ke New York, Rita Charon, likita ce da ta koma ta yi digirin digirgir a adabin Ingilishi, ta kafa shirin koyar da likitanci ta hanyar labari a 2000, aka fara ba da digiri na biyu a 2009. A ajinta ɗalibai suna karanta gajeren labari ko waƙa a tsanake, a tambaye su wa yake magana, me ya faɗa, me ya tsallake. Sannan kowa yana riƙe da littafi na biyu ban da fayil ɗin asibiti. A fayil zai rubuta hawan jini da yawan fitsari. A ɗayan zai rubuta, da harshen yau da kullum, abin da ba shi da gurbi a fayil: cewa tsohon da ke gado na huɗu yana tuna masa da kakansa, ko cewa yana jin haushin matar da ba ta shan magani, kuma yana jin kunyar haushin. Suna karanta wa juna. Manufar ita ce wanda ya saba lura da abin da marubuci ya ɓoye zai lura da abin da mara lafiya ya kasa furtawa.

Wannan ilimi ya taɓa ƙasar Hausa kai tsaye. Lewis Wall, Ba'amurke masanin al'adu, ya zauna a karkarar Malumfashi ya nazarci yadda Bahaushe yake fahimtar lafiya da ciwo, ya fitar da littafi a 1988. Abin da ya gani na wahalar mata wajen haihuwa ya bi shi har ya zama likitan mata, kuma yana cikin waɗanda suka assasa asibitin yoyon fitsari na Danja, kusa da Maraɗi, wanda aka buɗe a 2012.

Musulmi ba baƙi ba ne a nan

Kuskure ne a ɗauka Turawa ne suka fara. A ƙarni na tara Ishaƙ bin Ali al-Ruhawi ya rubuta Adab al-Ɗabib, littafi sukutum a kan halayen likita, da haƙƙin mara lafiya, da ladabin masu zuwa dubiya, da yadda za a jarraba mai da'awar magani. A shekarar 931, bayan wani mara lafiya ya rasu ta dalilin kuskuren mai magani, Halifa al-Muƙtadir ya umarci Sinan bin Sabit ya jarraba likitocin Bagadaza kafin a bar su su yi aiki. Fiƙihu ya daɗe da ɗora diyya a kan wanda ya yi magani ba tare da ilimin aikin ba, kuma ƙa'idojinsa na kawar da cuta da sassauci a halin lalura su ne malamai suke aiki da su yau a kan dashen ƙoda da cire na'urar numfashi. A 1981 aka yi taro a Kuwait aka fitar da kundin ɗa'ar likitanci na Musulunci. A nan gida ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna.

Misalin da ya fi kama da halinmu yana Karachi. Farhat Moazam likitar tiyatar yara ce da ta je Jami'ar Virginia ta yi digirin digirgir a nazarin addini, sannan ta jagoranci cibiyar ɗa'a da al'adu da aka buɗe a 2004 a asibitin ƙoda na birnin. Bincikenta a kan masu ba da ƙoda ya nuna cewa a Pakistan dangi ne suke yanke shawara, likita kuma ana kallonsa kamar babba a gida. Ba ta ce a watsar da dangi ba. Abin da ta fito da shi shi ne cikin dangin akwai mai ƙarfi da mai rauni, kuma wani lokaci aikin likita shi ne ya kare ƙanwar da aka matsa wa ta ba da ƙodarta. A Kamaru, masanin falsafa Godfrey Tangwa na Jami'ar Yaounde ya daɗe yana irin wannan kira, cewa Afirka ta shiga muhawarar da tunaninta.

Darasin Kano

Mu ba sai an ba mu labarin Alabama ba. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya. Ana tsakiyarta kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada maganin Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wanda aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya kashe su, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da dama suka ce ba su san gwaji ake yi ba. Daga baya ya bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama, aka mayar da kwanan wata baya. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Asarar ba ta tsaya a nan ba. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, abin da ya faru a 1996 yana cikin hujjojin da mutane suka riƙe, kamar yadda Ayodele Jegede na Jami'ar Ibadan ya nuna a nazarinsa na 2007. Cutar ta sake bazuwa har Yaman da Indonesiya. Amana idan ta zube a asibiti ɗaya, yaran da ba su taɓa taka shi ba ne suke biya.

An ɗauki matakai. A 2004 Farfesa Clement Adebamowo, likitan tiyata, ya fara shirin horar da masana ɗa'ar bincike na Afirka ta Yamma a Ibadan da tallafin cibiyar Fogarty ta Amurka, shirin da ya kai ga digiri na biyu. An kafa kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, ya fitar da kundinsa a 2007, dokar lafiya ta 2014 ta ƙara masa ƙarfi. Kotun Ƙoli ma ta yi magana: a shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001 ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin ƙarin jini saboda aƙidarsa, a shari'ar Esabunor ta 2019 kuma ta ce iyaye ba su da ikon hana wa ƙaramin yaro jinin da zai ceci ransa.

Sai dai yawancin wannan ƙoƙari a kan bincike ne, domin nan ne masu ba da kuɗi daga waje suke sa sharaɗi. Abin da talaka yake gamuwa da shi kullum daban ne. Ana gobe tiyata, nas ta zo da takarda da Turanci, ta ce, “Baba, sa hannu a nan.” Baban ya dangwala yatsa, ya ce, “Likita, duk yadda kuka gani, Allah ya ba da sa'a.” A fayil an samu yarda. A zahiri bai san za a cire mahaifar matarsa ba, ita kuma da ke kwance tana jin su ba wanda ya waiwaye ta. Ba mugunta ce ta jawo haka ba. Layi ya yi tsawo, ma'aikata sun yi kaɗan, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da matashin likita ya koya masa yadda ake bayanin tiyata da Hausa cikin minti biyar.

Abin da ake gani ya fi abin da ake ji

Masu shakka suna da hujja mai ƙarfi, ya kamata a saurare ta. A 1994 Frederic Hafferty da Ronald Franks suka yi bayanin abin da suka kira ɓoyayyar manhaja: ɗalibi yana koyon ɗabi'a ne daga abin da ya ga manyansa suna yi a lokacin zagayen duba marasa lafiya, ba daga lacca ba. Idan da safe an koya masa rufa asiri, da rana ya ga babban likita yana faɗin ciwon mace a gaban masu jinyar gadon kusa, darasin rana ne zai zauna. Wani nazari da Mohammadreza Hojat ya jagoranta a Philadelphia a 2009 ya nuna tausayin ɗalibai yana raguwa ne a shekara ta uku, daidai lokacin da suka fara shiga wurin marasa lafiya. Gaskiya ne kuma auna tasirin karanta adabi a kan halin likita bayan shekara goma abu ne mai wuya, hujjojin da ake da su ba su kai ƙarfin na gwajin magani ba.

Amma wannan hujja ba ta ce a daina koyarwa ba. Cewa ta yi a kai koyarwar inda ɗabi'a take ginuwa. Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata makarantunmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai su yi. A samu malaman da wannan ne aikinsu, da matakin ƙarin girma a cikinsa, ba lacca biyu da ake liƙa wa mai sauran lokaci ba. A riƙa tattauna matsalar mara lafiya na gaske kowane mako, babban likita yana zaune, tare da nas da ungozoma da masanin fiƙihu da lauya. A jarraba ɗalibi a aikace: ya nemi yardar tiyata da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, ya sanar da rasuwa, ya fuskanci saurayi da budurwar da gwajin kafin aure, wanda Kano ta wajabta a 2024, ya nuna duka suna ɗauke da ƙwayar sikila. A buɗe ƙofa tsakanin sashen likitanci da sassan Hausa da tarihi da nazarin Musulunci, waɗanda sau da yawa suna jami'a ɗaya amma ba sa haɗuwa. A koya wa ɗalibi ya girmama miji da uba da yaya, ya kuma nemi hanyar jin ta bakin matar da za a yanka jikinta.

Gwamnati ma tana da nata kason, domin likitan da ke duba mutum ɗari a wuni ba a yi masa adalci ba idan aka ce shi kaɗai ne mai laifin gaggawa. Mu kuma masu zuwa asibiti mu san cewa tambaya ba rashin kunya ba ce. Haƙƙinka ne ka san sunan ciwonka, da abin da za a yi maka, da abin da zai faru idan ka ƙi. Tarbiyyar gida tana ba likita niyya mai kyau. Sanin yadda zai aiwatar da ita a gaban mai raɗaɗi da danginsa karatu ne, kuma nauyin jami'o'inmu ne su ba shi malamai da lokaci da jarabawa kamar kowane darasi.